Birnin Lalle: hattara da ɓarawon da mai gida ke buɗe wa ƙofa da hannunsa

Birnin Lalle, cikin gundumar Dakoro ta jahar Maraɗi, gari ne mai tsohon tarihi. Masu tarihi sun nuna cewa a nan ne sarakunan Gobir suka yi zama bayan fitowarsu daga Azbin, tun kafin su gangara kudu, har su kafa Alƙalawa a cikin ƙarni na 18. Ko sunan garin ma ya isa ya tuna wa mutum yadda mutanen da suke tsaron kansu. Birni dai shi ne gari mai ganuwa, ganuwa kuwa tana da ƙofofi, kowace ƙofa kuma da mai tsaronta. Baƙo ba ya wucewa sai an san daga inda ya fito, da abin da ke tafe da shi, da gidan da zai sauka.

A yau akwai wata dukiya da ta shigo ƙasar Dakoro wadda ganuwa ba ta iya kare ta. Ita ce bayanan da ake ajiyewa cikin kwamfuta da wayar salula: sunayen yaran da aka yi wa takardar haihuwa, da lissafin haraji, da rahoton wata-wata na gidan likita, da jerin ƴan makaranta masu shiga jarrabawa, da saƙonnin kuɗi da ƴan ci-rani suke aiko wa iyalansu daga Libiya da Aljeriya da Nijeriya. Ɓarawon wannan dukiya ba ya haura katanga, ba ya ɓalle ƙyaure. Sau da yawa mai gida ne da kansa yake buɗe masa ƙofa, ya yi masa maraba, ya miƙa masa makullan ɗakuna duka, alhali kuwa bai san ya yi ba. Ɗaya daga cikin ƙofofin da ɓarawon yake bi ita ce wadda ake kira manhajar ƙari ta burauza.

Mece ce manhajar ƙari?

Burauza ita ce manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita. Waɗanda aka fi sani su ne Chrome ta kamfanin Google, wadda ta fito a shekarar 2008, da Firefox ta Mozilla, da Edge ta kamfanin Microsoft, da kuma Opera. Duk ma'aikacin da ya zauna gaban kwamfuta ya buɗe wasiƙunsa, ko ya shiga Facebook, ko ya cika wata takardar hukuma a intanet, to ta cikin burauza ya bi.

Manhajar ƙari kuwa, wadda ake kira ekistansiyo da Faransanci, wata ƴar ƙaramar manhaja ce da ake liƙa wa burauza domin ta ƙara mata wani aikin da ba ta zo da shi ba. Akwai mai toshe tallace-tallace, akwai mai fassara shafi daga Ingilishi zuwa Faransanci, akwai mai sauko da bidiyo, akwai mai ɗaukar hoton shafi, akwai mai tuna wa mutum lokutan salla. A watan Disamba na 2010 kamfanin Google ya buɗe kanti na musamman a intanet inda ake samun irin waɗannan, kuma abin da ke cikin kantin ya haura dubu 100. Da yawa daga cikinsu masu amfani ne, mutanen kirki ne suka yi su, kuma galibi kyauta ake ba da su.

Hatsarin yana ga wurin zamanta. Shafukan banki da na ma'aikatu suna kulle saƙo tun kafin ya kama hanya, yadda ko wani ya tare shi tsakanin Dakoro da Yamai ba zai iya karanta shi ba. Amma manhajar ƙari ba a kan hanya take ba, a cikin ɗaki take. Misalinta kamar mutum ne da ya tsaya bayan marubuci yana leƙen wasiƙa tun ba a naɗe ta an sa cikin ambulan ba. Abin da mai kwamfuta ya gani, ita ma ta gani. Abin da ya rubuta, har da kalmar sirri, tana iya karantawa.

Ba ta samun wannan iko sai da izini. Lokacin da za a ɗora ta, wani ɗan akwati yana bayyana a fuskar kwamfuta yana faɗin abin da take nema. Mafi nauyin abin da take iya nema shi ne izinin karantawa da canja bayanan mutum a dukan shafukan da yake buɗewa. Da Faransanci ko Ingilishi ake rubuta wannan magana, kuma mutane da yawa, har da masu ilimi, sukan latsa amincewa ba tare da sun karanta ba. A wannan latsawa ɗaya ne ake buɗe ƙofar gari.

Gargaɗin da ya fito daga maƙwabta

A watan Agusta na 2022, masu bincike na kamfanin McAfee, wanda aikinsa shi ne tsaron kwamfuta, suka gano manhajojin ƙari guda 5 a cikin kantin Google waɗanda suke yi wa masu amfani da su leƙen asiri. An ɗora su a kan kwamfutoci har sau miliyan 1 da dubu 400. Biyu daga cikinsu sun ari sunan Netflix, watau kamfanin nuna fina-finai, ɗaya tana ɗaukar hoton shafi, sauran biyun kuwa suna cewa za su taimaka wa mai sayayya ya samu rahusa. A watan Satumba na wannan shekara, sashen tsaron intanet na hukumar sadarwa ta Nijeriya, NCC, ya fitar da sanarwa yana gargaɗin jama'a a kansu, yana kira ga duk wanda ya ɗora su da ya cire su.

Abin lura a nan shi ne, manhajojin suna yin aikin da suka yi alkawari. Mai son hoton shafi yana samun hotonsa, don haka ba ya zargin kome. Amma a ɓoye, duk shafin da ya buɗe sai su aika da sunansa zuwa ga masu su. In ya shiga kantin sayayya na intanet, sai su cusa alamarsu, yadda za a biya su la'ada kamar su ne suka kawo mai saye. Masu binciken sun kuma gano cewa waɗansunsu sukan yi kwana 15 shiru bayan an ɗora su kafin su fara ɓarna, domin kada masu dubawa su gane su.

Wannan gargaɗi bai tsaya a iyakar Jibiya ba. Intanet ba ta san iyaka ba, kuma kantin da mutumin Katsina yake shiga shi ne wanda mutumin Maraɗi yake shiga. Bayan haka, kwamfutocin hannu da ake sayowa daga kasuwanni sukan zo da abin da mai su na farko ya bari a ciki, ko abin da mai gyara ya zuba musu da nufin kyautatawa.

Hanyoyi uku da ɓarna ke shigowa

Hanya ta farko ita ce jabu tun daga tushe. Maɓarnata sukan ɗauki sunan wata sananniyar manhaja, su canja harafi ɗaya ko su ƙara kalma, su kwaikwayi tambarinta, sa'an nan su sayi yabon ƙarya su jera a ƙarƙashinta. A watan Afrilu na 2018, kamfanin AdGuard ya fallasa manhajoji 5 irin waɗannan, galibinsu masu da'awar toshe talla, waɗanda mutane kimanin miliyan 20 suka ɗora. A watan Disamba na 2020, kamfanin Avast ya gano guda 28 a Chrome da Edge, masu amfani da su sun kai miliyan 3. Da yawansu sun zo ne da sunan taimaka wa mutum ya sauko da bidiyo daga Facebook da Instagram, amma suna karkatar da shi zuwa shafukan talla da na yaudara. A watan Maris na 2023 kuwa, lokacin da labarin ChatGPT ya cika duniya, masu bincike na kamfanin Guardio suka gano waɗansu na jabu da suka ari sunansa, aikinsu shi ne ƙwace shafukan Facebook na mutane. Maɓarnaci yana duba abin da jama'a take ɗoki ne, sa'an nan ya ɗana tarkonsa a wurin.

Hanya ta biyu ita ce canjin hannu. Manhaja takan fara da gaskiya, ta yi shekaru tana aiki lafiya, har ta tara jama'a. Rana ɗaya sai mai ita ya gaji, ko a yi masa tayin kuɗi, ya sayar. Sabon mai ita ya gaji dukan izinin da aka ba na farko, kuma babu mai sanar da jama'a cewa an yi ciniki. Haka ta faru da wata mai suna The Great Suspender, wadda aikinta shi ne rage wa kwamfuta nauyi in an buɗe shafuka da yawa, abin da masu tsofaffin na'urori suke so ƙwarai. A watan Yuni na 2020 mai ita ya sayar da ita ga wanda ba a bayyana sunansa ba. Bayan ƴan watanni aka ga an cusa mata hanyar karɓar umurni daga waje. A watan Fabrairu na 2021 Google ya fitar da ita daga kantinsa, ya kuma kashe ta a kwamfutocin mutane, a lokacin masu amfani da ita sun haura miliyan 2.

Hanya ta uku ita ce ƙwace. A nan mai manhajar bai sayar ba, sace masa makulli aka yi. A watan Satumba na 2018 waɗansu suka shiga asusun kamfanin ajiyar bayanai na MEGA, suka musanya manhajarsa ta Chrome da wata mai satar kalmomin sirri na Google da Amazon da Microsoft. A ranar 24 ga Disamba 2024, wani ma'aikacin kamfanin Cyberhaven na Amurka ya faɗa tarkon wata wasiƙa da aka yi ta kamar daga Google ta fito, tana cewa manhajarsu ta saɓa ƙa'ida, za a cire ta in ba a gaggauta ba. Ya latsa, ya ba da izini. A lokacin hutun Kirsimeti, sa'ad da ma'aikata suka watse, sai maɓarnata suka saki gurɓatacciyar manhaja da sunan kamfanin, ta yi kusan kwana ɗaya tana aiki kafin a tsayar da ita. Daga baya bincike ya nuna cewa manhajoji fiye da 30 aka yi wa irin wannan, masu amfani da su kimanin miliyan 2 da dubu 600. Abin da zai ƙara sa mutum ya yi tunani shi ne, sana'ar kamfanin Cyberhaven ita ce kare bayanan mutane.

Abin da ya sa hanya ta biyu da ta uku suka fi muni shi ne, manhajar ƙari tana sabunta kanta da kanta. Da zarar mai ita ya saki sabon zubi, sai ya sauka a kowace kwamfuta, kuma in bai nemi ƙarin izini ba, ba a tambayar kowa. Saboda haka wadda take ta kirki jiya tana iya wayar gari ta zama ɓarauniya, sunanta da tambarinta ba su canja ba.

A kasuwar dabbobi ta Dakoro, mai hankali ba ya sayen raƙumi ko sa daga hannun wanda ba a sani ba sai da dillali, domin dillali ne yake shaida cewa dabbar ba ta sata ba ce, kuma shi za a nema in magana ta tashi. Kantin Google da na Mozilla da na Microsoft suna yin aiki mai kama da wannan: suna duba kaya kafin su shiga, suna fitar da wanda aka kama. Don haka abin da aka samo a cikinsu ya fi wanda aka tsinto a waje aminci nesa ba kusa ba. Amma ya kamata a sani cewa dukan waɗanda aka ambata a sama, a cikin irin waɗannan kantuna aka same su. Shaidar dillali tana rage hatsari, ba ta ɗauke wa mai saye duba haƙoran dabba.

Me ɓarawo zai samu a karkara?

Wani zai ce shi talaka ne, ba shi da ajiya a banki, me za a sace masa? Amsa ita ce, abu na farko da ake sacewa shi ne suna. Idan mutum ya shiga Facebook ko akwatin wasiƙunsa, shafin yana ba burauza wata ƴar shaida, kamar tikitin da ake ba fasinja a tasha, domin kada a riƙa tambayarsa kalmar sirri kowane lokaci. Mugunyar manhaja tana iya kwafe wannan shaida ta aika wa mai ita. Wanda ya riƙe tikiti kuwa ba a tambayarsa sunansa, wucewa kawai yake yi. Daga nan sai ya rubuta wa ƴan'uwa da abokan arziki da sunan mai shafin, ya ce ga shi kwance asibiti a Maraɗi, a taimaka a aiko da jika ashirin ta wannan lamba. Wanda ya aika ya yi asarar kuɗi, mai shafi kuma ya yi asarar mutunci, wanda ya fi kuɗi wuyar maidowa.

Abu na biyu shi ne amanar jama'a. A ɗauka misali kwamfuta ɗaya ce a wani ofishi, da ita ake aika rahoto, da ita ake buɗe wasiƙun ma'aikata. Da yamma wani ɗan gidan ma'aikaci ya zo, ya ɗora mata manhajar sauko da bidiyon kokawa. Washegari sakatare ya buɗe jerin magidantan da za a raba wa taimakon abinci, da sunayensu da ƙauyukansu da lambobin wayarsu. Idan wannan jeri ya faɗa hannun macuta, ba abin da zai hana su kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, su ce daga hukuma ne, sai an biya wani abu kafin a tabbatar da suna. Talaka zai yarda, domin mai kiran ya san sunansa da na ƙauyensa. A ƙarshe hukuma ce za a zarga da abin da ba ta aikata ba.

Abu na uku shi ne kuɗin sadarwa. Manhajar da take buɗe tallace-tallace a ɓoye tana shan megar da aka saya da gumi, tana cinye cajin batir, a wurin da wani sai ya biya kuɗi kafin a caja masa waya da hasken rana. Makiyaya suna yi wa kaska kirari da raɓi mai jini. Ba ta kashe saniya rana ɗaya, amma saniya ba ta ƙiba muddin tana jikinta.

Masu wayar salula ma ba su tsira ba

A Birnin Lalle da ƙauyukan da ke kewaye, masu waya sun fi masu kwamfuta yawa ƙwarai. Chrome ta wayar Android ba ta karɓar manhajojin ƙari, amma Firefox ta waya tana karɓa, kuma tun watan Disamba na 2023 ta buɗe ƙofa ga ɗaruruwansu. Sai dai babban hatsarin masu waya yana ga ƴan'uwan waɗannan manhajoji, watau WhatsApp na kwaikwayo, irin su GB WhatsApp da FMWhatsApp, waɗanda ba kamfanin WhatsApp ne ya yi su ba. Samari suna son su domin suna ba da damar ɓoye cewa an karanta saƙo, ko ganin saƙon da aka goge. Ba a samun su a kantin Google, daga waya zuwa waya ake tura su, ko a wurin masu caji da masu zuba waƙoƙi.

A watan Agusta na 2021 kamfanin Kaspersky ya sanar da cewa ya samu wata muguwar manhaja mai suna Triada a cikin wani zubi na FMWhatsApp. Tana iya karanta gajerun saƙonnin da suke shigowa waya, ta kuma sa mai wayar cikin waɗansu hidimomi na biyan kuɗi ba da saninsa ba. Ta gajeren saƙo ne kuwa kamfanoni da yawa suke aiko da lambar tabbatarwa. Kamfanin WhatsApp kansa ya sha gargaɗin cewa yana iya rufe lambar mai amfani da irin waɗannan. Ka'idar dai ɗaya ce, ko a waya ko a kwamfuta: abin da ya zo da alkawarin ƙarin daɗi kyauta, a tambayi wanda ya yi shi da abin da yake nema.

Abin da doka ta tanada

Ƙasar Nijar ba ta bar wannan fage ba doka ba. Dokar ranar 3 ga Mayu 2017 ta kafa hukumar ƙoli mai kare bayanan da suka shafi rayuwar mutum, wadda ake kira HAPDP a taƙaice, kuma an sabunta dokokin wannan fanni a shekarar 2022. Dokar ranar 3 ga Yuli 2019 kuwa, wadda aka yi wa gyara a 2022 da 2024, ita ce take hukunta laifuffukan da ake aikatawa ta hanyar na'urorin sadarwa, kamar kutse cikin kwamfutar wani, da satar bayanai, da zamba. Dokar kare bayanai ta ɗora wa duk wanda yake riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su. Watau shugaban ma'aikata da ya bar kwamfutar ofis ta zama abin wasan kowa, bai sauke nauyin da ke kansa ba.

Sai dai masu ƙirƙiro waɗannan manhajoji sau da yawa a wata nahiya suke zaune, hannun jandarma ba ya kai musu da sauƙi. Shi ya sa tsaron farko yake hannun wanda yake zaune gaban na'ura.

Matakan kariya

Na ɗaya, a rage yawa. Duk manhajar ƙari ƙofa ce, gari mai ƙofofi da yawa kuwa yana da wuyar tsaro. Wadda aka yi wata guda ba a taɓa ta ba, a cire ta.

Na biyu, kada a ɗora kome daga saƙon da aka turo ta WhatsApp ko Facebook, ko daga tallan da ya faɗo a fuskar kwamfuta yana cewa sai an ɗora wani abu kafin bidiyo ya buɗe, ko yana alkawarin mega kyauta. Kada kuma a karɓa daga kilen wani. In ana bukatar manhajar wani kamfani, a shiga shafin kamfanin na ainihi, a bi hanyar da ya nuna zuwa kanti.

Na uku, a duba suna harafi bayan harafi, a duba sunan wanda ya yi ta. A karanta ra'ayoyin masu kuka da ita, musamman na baya-bayan nan, domin yabo ana sayensa. Yawan masu amfani ba hujja ba ne, tunda an ga mai miliyan 2 ta lalace.

Na huɗu, a karanta ɗan akwatin izini, a auna abin da take nema da aikin da ta ce za ta yi. Mai nuna lokutan salla ba ta da dalilin karanta wasiƙun mutum. A cikin Chrome da Edge ana iya taƙaita ikon manhaja, a ce kada ta yi aiki sai an latsa ta, ko sai a kan waɗansu shafuka kaɗai. Idan tsohuwar manhaja ta tashi rana ɗaya tana neman sabon izini, a dakata, a bincika.

Na biyar, a ware rana ɗaya kowane wata a duba abin da ke liƙe. A Chrome ana rubuta chrome://extensions a wurin da ake rubuta adireshin shafi, a Firefox kuwa about:addons, sai jerin ya fito. Duk wadda ba a san wanda ya ɗora ta ba, a cire ta. Wanda ya sayi kwamfutar hannu, ko ya karɓo tasa daga wurin gyara, wannan ne aikinsa na farko.

Na shida, kwamfutar ofis ta aikin ofis ce. Shugaban ma'aikata ya sa mutum ɗaya ya zama mai alhakinta, a rubuta sunayen manhajojin da aka yarda da su a takarda, a liƙa a bango.

Na bakwai, wanda ya shiga shagon intanet ko ya ari kwamfutar wani, ya buɗe tagar sirri ta burauza, domin a cikinta manhajojin ƙari ba sa aiki sai in an ba su izini na musamman. Wannan ba ya maganin kowace irin cuta, don haka in ya gama ya fita daga shafinsa sarai, kada ya rufe taga kawai ya tashi.

In ɓarna ta riga ta auku

Akwai alamomin da suke nuna an samu matsala: tallace-tallace su yawaita a shafukan da ba a saba ganinsu ba, shafin bincike ya canja da kansa, a nemi wani wuri a tsinci kai a wani, kwamfuta ta yi nauyi, ko abokai su ce sun samu saƙon da mutum bai aika ba. Amma waɗansu ba sa nuna alama ko ɗaya, shi ya sa dubawar wata-wata ta zama wajibi.

Wanda ya ga haka, ya fara cire manhajar. Sa'an nan ya canja kalmomin sirrinsa daga wata na'ura mai lafiya, ya fara da na akwatin wasiƙu, domin ta nan ake maido da sauran. Ya shiga wurin tsare-tsare na Facebook da Google ya ba da umurnin a fitar da dukan na'urorin da suke cikin asusunsa, yadda tikitin da aka sace zai daina aiki. Ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Ya duba sauran kwamfutocin da yake shiga da asusunsa na Google, domin Chrome tana iya kai manhajar ƙari daga wannan zuwa waccan. Ya sanar da dangi da abokai kada su aika wa kowa kuɗi da sunansa. In an yi asarar dukiya, ko kuwa bayanan hukuma ne abin ya shafa, ya sanar da shugabansa, a kai ƙara wurin jandarma ko ƴan sanda, a kuma ajiye saƙonnin da lambobin domin shaida. Jin kunya da ɓoyewa ba sa amfanin kowa sai ɓarawo.

Babban nauyi a cikin wannan al'amari yana kan waɗanda Allah ya ba karatu: malaman makaranta, da ma'aikatan lafiya, da sakatarori, da ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi masu komawa gida hutu da kwamfutocinsu, da dattawan da suka yi karatun manya. An koya wa jama'a tun da daɗewa kada su dangwala yatsa a takardar da ba a karanta musu ba. Latsa amincewa a fuskar na'ura dangwala yatsa ne, ba bambanci. Wanda ya iya karatu ya karanta kafin ya latsa, ya kuma fassara wa maƙwabcinsa da Hausa, ko Fulatanci, ko Buzanci. Makiyayi na ƙwarai ba ya jira sai saniya ta rame kafin ya duba jikinta, rigakafi kuwa ya fi magani.